Injin walda mai cin waya, marar gas: yadda na same shi a hannun ɗan koyo

Injin da zan ba ku labarinsa ɗan ƙarami ne, hannu ɗaya ke ɗaukarsa, ana ɗaure shi a bayan babur a tafi da shi garka. Ƙirar China ne, irin kayan da ƴan kasuwarmu ke shigowa da su daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa. Ba ya cin sandar walda irin wadda muka saba gani a hannun masu walda na bakin titi, kuma ba ya neman kwalbar gas. Waya yake ci. A cikinsa akwai bobin na siririyar waya, ka danna kunamar bindigar, waya ta riƙa fitowa da kanta tana narkewa a kan ƙarfe. A jikin kwalin an rubuta flux core. Na saye shi ban taɓa riƙe abin walda ba, don haka abin da zan faɗa ra'ayin ɗan koyo ne, domin wanda ke tunanin farawa daga inda na fara.

Ni mai garka ne. Ina da fili wajen Jiratawa, zogale da albasa da ɗan tattasai, ina kuma kiwon jajayen awaki a gida, nan unguwar Ali Ɗan Sofo a Maradi. Mai irin wannan sana'a ba ya rabuwa da karyayyen ƙarfe: yau ƙafar teburin da injin ban-ruwa ke zama a kai, gobe hannun amalanke, jibi ƙyauren garke da bunsuru ya tunkuya ya ɓalle. Kowanne aikin minti goma ne a wurin mai walda. Amma kafin ka kwance shi, ka ɗora a amalanke, ka shigo gari, ka tarar da layi ko ka tarar babu wuta, yini ya tafi, shuka kuma ba ta sha ruwa ba. Abin da ya kai ni shago ke nan.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, tsohon mai walda ne a Sabon Gari. Ƙofofi da tagogin gidaje da yawa na unguwar daga hannunsa suka fito, kuma duk da sanda ya yi su. Shi na kai wa injin tun yana cikin kwali. Ya zagaya shi, ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya ce, "Ɗana, wannan na aiki ne ko na wasan yara?" Na ce, "Kawu, ai shi ya sa na kawo maka, ka duba mini." Tun daga nan, bayan la'asar idan aiki ya lafa, nakan je rumfarsa in zauna da tarkacen ƙarfe. Mafi yawan abin da na sani a can na same shi, saura kuma daga takardar injin da bidiyon da yaran rumfar ke nuna mini a salula.

Abu na farko da Kawu ya yi, ya yanko guntun wayar ya murƙushe shi da filaya a kan tafin hannunsa. Sai ga wani gari mai ruwan toka ya zubo. Ashe wayar ba cikakken ƙarfe ba ce, siririn bututu ce da aka ɗura wa gari. Ya ce, "To, ai sandarmu ce aka juya, na waje ya koma ciki." Gaskiyarsa. Narkakken ƙarfe ba ya shiri da iska. In ta taɓa shi kafin ya daskare sai ya yi ƙananan ramuka, ɗinkin ya yi rauni. A sandar walda, maganin da aka shafe bayanta da shi ne ke ƙonewa ya tsare ƙarfen. A nan kuwa garin cikin waya ke wannan aikin: wani ya zama hayaƙi ya kore iska, wani ya narke ya taso sama ya zama ɓawon da za ka ɓamɓare bayan ya huce. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun shekarun 1950 ake aiki da ita a Amurka, kuma har yau da ita ake haɗa ƙarafan manyan gine-gine a fili. Abin da ya zo mana sabo shi ne ƙanƙantar injin da saukar kuɗinsa.

Akwai ɗan'uwansa mai aiki da cikakkiyar waya da kwalbar gas, wanda ake kira MIG. Ɗinkinsa ya fi tsabta, babu ɓawo. Sai dai gas ɗin da ke fitowa daga bakin bindiga shi kaɗai ne ke tsare ɗinkin, iska kaɗan ta kaɗa ta kwashe shi. Wa ke walda a cikin ɗaki a Maradi? Kowa bakin titi yake, ko ƙarƙashin bedi. Ni kuwa a garka, fili fetal. A tsakiyar hunturun da ya wuce na gyara ƙyauren garka, iska na tashi da ƙura har ba ka hango ƙarshen fili, ɗinkin ya fito ba rami ko ɗaya. Ga wanda aikinsa a waje yake, wannan kaɗai ya isa dalili. Ga shi kuma ka huta da neman inda za a cika maka kwalba, ka huta da ɗaukarta.

Sauƙin farawa kuwa, masu talla ba su yi ƙarya ba. Duk wanda ya taɓa kallon sabon yaro a rumfar walda ya san inda ake shan wuya da sanda: kunna ta. Ka taɓa ƙarfe ta liƙe, ka fizge ta mutu, ka sake taɓawa ta sake liƙewa, har maganin bakinta ya ɓare. Bayan ta kama, tana ci tana gajarta, dole hannu ya riƙa sauka a hankali yana kuma tafiya gaba, abu biyu a lokaci ɗaya, ido kuma na cikin duhun gilashi. Da wannan injin babu ko ɗaya. Ka saita bakin waya inda kake so, ka sauke hula, ka danna kunama, wuta ta kama. Nisan hannunka da ƙarfe ba ya canzawa, tunda injin ke turo waya. Tun ranar farko na ja abin da za a iya kira layi. Babban yaron Kawu, wanda ya kwashe watanni kafin sanda ta bi hannunsa, ya tsaya yana kallo, ya ce wannan ai cuta ce.

Amma kafin a kai nan sai da muka yi fama da abin da ya kamata mai shago ya gyara tun bai karɓi kuɗina ba. A gwajin farko, a hannun Kawu kansa, injin tofi kawai yake yi: tartsatsi manya-manya ko'ina, ɗinki ya taru a sama ya ƙi kwanciya. Kawu ya ajiye bindiga ya ce a mayar masa da kayansa. Wani yaronsa da ya taɓa aiki a Kano ne ya ce, "Maigida, bari a buɗe gefen nan tukuna." Kusa da bobin akwai ƙusoshi biyu, ɗaya da alamar +, ɗaya da alamar −. Nawa irin mai fuska biyu ne, yana aiki da gas, yana aiki babu gas, kuma a kan tsarin gas aka ɗauro shi: bindiga a +, wayar mas, wato wadda ake maƙalawa a jikin ƙarfen da ake walda, a −. Wayar gari irin wadda ake sa wa ƙananan injuna akasin haka take so: bindiga a −, mas ɗin da ake maƙalawa a jikin aiki a +. A kan bobin ma akan rubuta DCEN ko DC−, abin da ake nufi ke nan. Aka kwance, aka musanya, aka ɗaure. Injin ya zama wani daban. Da na koma na gaya wa mai shagon, sai ya ce shi dai haka aka kawo masa. Ba na shakka akwai irinsa da ke kwance ƙarƙashin gado a garin nan, masu su sun yanke cewa jabu ne, alhali musanyar waya biyu kawai yake jira.

Maɓallai biyu ne a gabansa, ɗaya na ƙarfin wuta, ɗaya na gudun waya. A cikin murfi akwai jadawali mai nuna inda za ka tsayar da su gwargwadon kaurin ƙarfe, amma mafari ne kawai. Da wutarmu mai hawa da sauka, kunne ne alƙali. In saiti ya yi daidai, ƙarar ɗaya ce ba yankewa, irin ta ƙosai da aka jefa a mai mai zafi. In waya ta yi wa wuta yawa, za ka ji tana tokarin ƙarfe tana ture maka hannu baya. In ta yi kaɗan, sai ta riƙa narkewa tun daga sama tana ɗiga, wani lokaci ta ƙone har cikin ɗan bakin jan ƙarfen da take fitowa ta cikinsa ta liƙe, sai ka tsaya ka kwance shi.

Wayar da ke leƙowa daga bakin a bar ta ta kai milimita 12 zuwa 15, wajen faɗin ɗan yatsa. Bindiga ta ɗan kwanta, digiri 10 zuwa 15, kuma ja ake yi, ba turawa ba: bakin na kallon ɗinkin da ka bari, kai kana janyewa daga gare shi. In ka tura, narkakken ɓawo zai shiga gaba, ƙarfe ya hau kansa ya binne shi a cikin ɗinki. Wannan bai ba Kawu wahala ba, haka ake jan sanda. Abin da ya fi nanata mini shi ne, "Bar kallon hasken, ɗana. Dubi ruwan." Ruwan nan shi ne ɗan narkakken ƙarfen da ke bin bayan waya. Hayaƙi yana rufe shi, sai ka karkata kai gefe ka leƙa ta ƙasa. An ɗau lokaci kafin idona ya fara bambance ruwan ƙarfe da ruwan ɓawo, ɗaya mai haske a gaba, ɗaya mai duhu-duhu yana malala a bayansa, kuma sai daga nan ne gudun hannuna ya daina zama na kirdado.

Ga inda nake da ƙorafi a kan sauƙin nan. Injin yana ba ɗan koyo layi mai kyan gani tun kafin ya iya haɗa ƙarfe. Kawu bai gaya mini wannan da baki ba, nuna mini ya yi. Ya ɗauko guntaye huɗu na ƙarfe mai kaurin milimita 5, ya haɗa biyu-biyu, ɗaya a tsaye a kan ɗaya. Na farko ya rage wuta ya yi sauri. Ɗinki ya fito siriri, a tudu, sumul. Na biyu ya ƙara wuta, ya tafi a hankali yana ɗan jinkirtawa a kowane gefe; ya fito da faɗi, a kwance, da tartsatsi a kewaye, bayan ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi saboda zafi. Ya tambayi yaran wanne ya fi, rumfa ta rabu biyu. Ya ɗaure na farko a abin matse ƙarfe na kan tebur, ya kawo guduma. Bugu biyu ya ɓalle. Ya miƙo mini shi da zafinsa: ɗinkin ya tashi ɗungurungum daga gefe ɗaya, ƙarfen da ke ƙarƙashinsa na nan da santsinsa, ko ƙwarzane babu. Wuta ba ta taɓa cinsa ba, zama kawai aka yi a kansa. Na biyu ya yi ta duka har ƙarfen ya lanƙwashe, ɗinki na nan daram. Ya ce, "Na farkon nan, ka sa shi a amalanke. Ranar da ka ɗauko buhu goma zai gaishe ka."

Da sanda, in wuta ta yi kaɗan sai ta ƙi kamawa, ta liƙe, ta tona maka asiri nan take. Wannan kuwa ba ya ƙi, zuba waya zai yi ta yi yana ba ka gaskiya. Don haka duk wanda ya saye shi da niyyar koyo shi kaɗai a gida, ya tanadi guduma tare da shi, ya riƙa karya abin da ya haɗa yana duba ciki, kafin ya taɓa abin da mutum ko dabba za su hau. Ya kuma goge fenti da tsatsa daga wurin ɗinki da wurin da zai maƙala mas. Ana cewa wayar gari tana haƙuri da tsatsa, kuma tana yi, amma haƙurinta na ɗan kaɗan ne.

Inda ya fi jin daɗi shi ne ƙarfe daga milimita 2 zuwa 4 ko 5: ƙarfe mai kusurwa, tiyon kafa rumfa, jikin ƙyaure, ƙafar tebur. A nan ba ni da abin cewa. Teburin injin ban-ruwa da na haɗa kullum cikin girgiza yake, har yau bai tsage ba. Ƙasa da haka sai lallami. Tiyon nan mai kusurwa huɗu marar kauri da ya cika kasuwa, wanda ake ƙofofin araha da shi, in ka ja masa dogon layi huda shi za ka yi. Sai dai ɗigo-ɗigo: danna, saki, bari jan ya dushe, sake dannawa a gefen na farko. Ana yi, amma wayar gari zafi ne da ita, jikin mota da kwanon rufi ba aikinta ba ne. Sama da milimita 6 kuma ƙaramin inji mai amfiya 120 irin nawa ƙarfinsa ya ƙare, sai an fere bakin ƙarfe an bi sau biyu ko uku, nan kuma sai ka duba irin wayarka. Wadda aka rubuta wa E71T-GS ta bi ɗaya ce, ba a yi ta don hawa ɗinki a kan ɗinki ba. E71T-11 ita ke yarda da maimaici, ita ma da iyaka. Kamfanin Lincoln Electric ya tsayar da tasa siririyar a ƙarfe mai kaurin wajen milimita 8. Ranar da sandar da ke riƙe ƙafafun amalanke ta tsage, Kawu ko kallon injina bai yi ba, ya jawo tsohon tiransifomansa da sanda mai kaurin milimita 3.2.

Aiki ne mai ƙazanta, wannan a san da shi. Hayaƙinsa ya fi na sanda yawa a idona, ba abin yi a rufaffen ɗaki ba ne, a fili ma ka tsaya ta inda iska za ta kai shi gaba, ba cikin hularka ba. Tiyon ruwa mai farin shafe kuwa, sai an gurje shafen daga wurin ɗinki, domin farin hayaƙinsa kan saukar da zazzaɓi da ciwon jiki da dare. Tanki ko duron da ya taɓa ɗaukar fetur kar a kai masa wuta, ko an rantse maka an wanke, kuma a garin da ake sayar da mai a kwalba a kowace kusurwa, a duba kewaye kafin a danna kunama. Tartsatsi na tafiya nesa. Rigar ƙwallo narkewa take ta kama fata, silifa kuma tana buɗe wa garwashi hanya tsakanin yatsu; riga ta auduga mai dogon hannu, takalmi rufaffe, safar hannu ta fata. A gida nakan kawar da harawa da kara, in ajiye bokitin ruwa kusa. Abin rufe fuskar da ya zo cikin kwalin, mai riƙewa da hannu, na roba ne marar ƙwari, kuma yana cinye hannun da ɗan koyo ke buƙata don tallafar bindiga. Na sayi hula mai yin duhu da kanta, ina tsayar da ita a lamba 10 ko 11, kuma a cikin duk kuɗin da na kashe babu wanda ya fi shi amfani. Baƙin tabarau da yaran rumfuna ke sawa ba ya hana komai. Da tsakar dare ido ke karɓar bashinsa, hawaye da ƙaiƙayi, ya ƙi buɗuwa.

Wutar gida ta volt 220 yake ci, kuma da yake na zamani ne marar nauyin tiransifoma, ba ya jan wuta kamar tsofaffin. Mitar gidana ba ta faɗuwa sai in na ƙure maɓalli. Da magariba kuwa, lokacin da unguwa duk ta kunna kaya, wuta kan yi sanyi, saitin da ya yi daidai da hantsi ya koma tokari. Doguwar wayar jona siririya ita ma haka take yi masa. A nemi mai kaurin 2.5 mm² aƙalla, a warware ta duka. A garka da janareta nake aiki, kuma ƙaramin nan na fanka da talabijin ba zai ɗauka ba, sai mai kVA 5 ko kusa da haka, wanda nake arowa wurin maƙwabcin fili. Wanda ya ga zaman da muka yi bayan Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agusta 2023, har zuwa Maris 2024, ba sai an ce masa ya sa janareta da mai a cikin lissafi ba.

Sai zafi. Kowane injin walda yana da mintocin da zai yi aiki a cikin minti 10 kafin ya nemi hutu, ana rubuta shi da kaso a jikinsa: 30% na nufin minti 3 aiki, 7 hutu, a ƙarfin da aka ambata. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maradi ke haura digiri 40, nawa da wuri yake gajiya. Fitila mai ruwan ɗorawa ta kama, ya yi shiru, fanka na juyawa. Kar a kashe shi a lokacin, fankar ce ke sanyaya shi. Ɗan koyo da ke tsayawa kowane taƙi yana ɓamɓarar ɓawo ba zai damu ba. Mai kwangilar ƙofa ashirin zai damu.

Babban aibinsa ba a jikinsa yake ba, a kasuwa yake. Sandar 6013, mai 2.5 ko 3.2, kusan kowane shagon kayan gini na da ita, har ƙwaya-ƙwaya ake sayarwa. Wayar gari kuwa sai an tona. Bobin mai kilo 1 da injin ya zo da shi bai daɗe ba, koyo cin waya ne da shi. Da ya ƙare na zaga shagunan kewayen babbar kasuwa. Wasu ba su taɓa jin ta ba. Wani ya miƙo mini bobin mai ruwan jan ƙarfe ya rantse ita ce. Ba ita ba ce, cikakkiyar waya ce ta gas, in ka sa ta babu kwalba ɗinki zai fito duk ramuka. Ta gari launinta toka-toka ne, kuma in ka lanƙwasa ta baya da gaba sau kaɗan sai ta karye ka ga garin. Yanzu saƙo nake bayarwa Kano ta hannun wani direba. Kuɗinta na bin canjin naira da sefa, kuma kilo da kilo ta fi sanda tsada, ko da an cire guntayen sanda da ake zubarwa. Iyakar nan tamu da Najeriya mun ga an rufe ta a 2019, mun ga an sake rufe ta a 2023. Duk ranar da aka kuma, in bobin na ya ƙare, injina ya zama kujera.

In ka same ta kuma sai tarairaya. Da damina tsatsa take yi, sai in cire bobin in ƙulle a leda. Da hunturu ƙura ke shiga tiyon da waya ke bi zuwa bindiga, ta riƙa fitowa tana cijewa, sai a hure shi, a kuma riƙa rufe injin da buhu. Ƴar tayar da ke tura waya tana da gurbi biyu, na waya mai milimita 0.8 a gefe ɗaya, na wadda ta fi kauri a ɗaya gefen. Gurbin ya dace da wayar, ya kasance mai haƙori-haƙori, kuma kar a matse shi da yawa, don wayar rami ce a ciki, murƙushewa za ta yi. Lokacin sa sabon bobin kar yatsa ya saki bakin waya kafin ta shiga gurbi, warwarewa take yi gaba ɗaya ta cuɗe.

Yaron da ke son walda ta zama sana'arsa, ya ci abinci da ita a garin nan, ban ba shi shawarar farawa da wannan ba. Duk rumfar da zai je neman aiki sanda zai tarar, kuma hannun da ya saba da sanda nan da nan yake kama waya, na gani a wurin Kawu. Na waya kuwa in an miƙa masa sanda sai ya koma farko. Amma mai garka, mai kiwon kaji, mai injin niƙa, duk wanda ƙananan karaya ke cinye masa yini, in yana da hanyar samun waya da dattijon da zai duba masa ɗinki, ya saya. Kawu ma yanzu, in aikin ragar taga ya zo mai ƙananan mahaɗai da yawa, yakan aiko yaro ya ce, "Maigida ya ce a ba shi ɗan injin nan."

In ka je saye, kar ka karɓi kwali a rufe. A buɗe, a jona, a gwada a gabanka a kan guntun ƙarfen da ka zo da shi daga gida. Ka duba rubutun jikinsa ka tabbata DC yake fitarwa, don akwai masu araha da ke fitar da AC, tartsatsinsu ba ya gyaruwa da saiti. Ka duba inda aka ɗaure + da −. Ka taɓa maƙalin mas. Na nawa laushi gare shi, wayarsa gajera, na canza duka biyun. Kafin ka fita ka haɗa da bobin na biyu da ƴan bakunan jan ƙarfe daidai da kaurin wayar, don suna ci suna ƙarewa. Akwai kuma irin wanda aka haɗa masa wurin jona sanda. Lokacin da na sayi nawa babu shi a shagon. In ka tarar da shi, ƙara kuɗin ka ɗauka, ranar da waya ta yanke sai ka shiga shagon farko ka sayi sanda ka ci gaba da aikinka.